Tsohon Agogon Alhaji Ba Abin Yarwa Ba Ne

A Kontagora, kamar sauran biranen Arewa, in an zo rabon gadon wani dattijo, hankalin magada yakan tafi ga gida da gona da shanu. Agogon marigayi kuwa, wanda ya daɗe da tsayawa, sai a miƙa wa ƙaramin yaro, ko a kai wa mai gyara a kasuwa ya saya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A nan ake yin asara ba a sani ba.

Yawancin agogunan nan sun shigo ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, naira kuma ta fi dalar Amurka daraja. Alhazai kan komo daga Makka da Jidda da tsarabar Rado da Seiko da Omega, akasari na farin ƙarfe, tun da yake Musulunci ya hana maza ado da zinariya. Jefi-jefi akan ga na gidajen ƙawa na Turai, watau irin su Cartier na Faransa da Gucci na Italiya.

A zamanin ne kuma sana'ar ta juye. A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron mai aiki da batir, kafin a ankara agogo mai wani ya zama tsohon yayi, masana'antun Suwizalan da dama suka rufe. Shi kansa Cartier, wanda ya zana samfurin Tank tun 1917, sai da ya fito da mai sauƙin kuɗi a 1977, na azurfa da aka shafa wa ruwan zinariya. To, abin da aka raina jiya shi masu tara tsofaffin agoguna ke farauta yau. A 2022 an yi gwanjon wani Cartier Crash na 1967 a kan fiye da dala miliyan ɗaya da rabi.

Amma fa kada wannan labari ya ruɗi kowa. Jabu sun cika kasuwa tun a wancan lokaci, kuma galibin na gaskiyar ma kuɗinsu bai wuce kima ba. Ana gane asali ne daga lambar da ke bayan agogo da kuma injin cikinsa, wanda sai gwani ya buɗe.

Babban abin takaici shi ne gyaran ganganci. Mai tara agogo ya fi son fuskar da ta dushe a kan wadda aka sake wa fenti. Da zarar an goge jikin har kaifin gefensa ya tafi, ko an cire injin asali an cusa na batir, daraja ta zube ke nan, ba ta dawowa. Ya kamata magada su ajiye shi yadda suka same shi, tare da akwatinsa da rasit idan akwai, sa'an nan a kimanta shi cikin dukiyar da za a raba, don marayu ma suna da haƙƙi a cikinsa.