Yadda Ake Auna Sabon Masanin Magunguna a Bakin Aiki

A Birtaniya, wanda ya kammala digirin harhaɗa magunguna ba ya samun rajista sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin na gaba da shi. Najeriya ma tana da irin wannan shekara ta sanin makamar aiki. A cikinta akwai zaman da kan sa sabon hannu gumi: a ɗauko fayil ɗin majiyyacin da ya duba da kansa, a ce ya yi bayani.

Dalilin zaman yana cikin abin da masanin koyar da likitanci George Miller ya rubuta a 1990. Ya kasa ƙwarewa hawa huɗu: sani, sanin yadda ake yi, nunawa, sai aikatawa. Jarrabawar takarda ba ta wuce hawa biyu na ƙasa.

A ce dattijo ne da ke shan warfarin don kada jininsa ya daskare, aka rubuta masa metronidazole. Kowane ɗalibi ya haddace cewa magungunan nan ba sa ga maciji, domin na biyun yana hana hanta sarrafa na farkon yadda ya kamata, jini ya tsinke fiye da kima. Amma mai aunawa ba hadda yake nema ba. Me ka faɗa wa likita, kuma wane magani ka ba shi shawarar ya musanya da shi? Yaushe za a sake gwajin INR, wato na saurin daskarewar jini? Ka tambayi baba ko yana shan jiƙo a gida? Wannan ta ƙarshe, a ganina, ita ce ke raba wanda ya karanta fayil da wanda ya zauna da mara lafiya.

Matsalar ita ce zaƙin baki. Mai iya jera zance kan ruɗi babba, shi kuwa mai in'ina da ya gano hatsarin ya tashi da maki kaɗan. Su kansu masu aunawar, wani mai tsanani ne, wani mai sassauci. Shi ya sa ake maimaita zaman da majiyyata daban-daban da masu aunawa daban-daban, kuma gyaran da za a yi wa mutum nan take ya fi makin amfani.

A Birtaniya batun ya ƙara nauyi: daga 2026, waɗanda suka yi karatu a sabon tsari za su sami ikon rubuta magani da kansu tun ranar rajista.