Kyanwar gida, tsiren da bai gasu ba, da mai juna biyu

Daga Malbaza zuwa Dogarawa da Galmi, gida nawa ne babu kyanwa? Ita ke tsare rumbu daga ɓera. Sai dai a hanjinta ne wata ƙwayar cuta ke hayayyafa, wadda likitoci ke kira toksoplasma, da Charles Nicolle da Louis Manceaux suka gano a Tunis a 1908. An ƙiyasta kusan kashi 1 cikin 3 na mutanen duniya sun taɓa kamuwa, yawancinsu ko ciwon kai ba su ji ba.

Shafa kyanwa ba shi ne abin tsoro ba, kashinta ne. Takan tona ta binne shi a tulin yashin gini inda yara ke wasa, ko a garkar albasa da salak. Bayan kwana 1 zuwa 5 ƙwan cutar da ke cikin kashin ya nuna, kuma yakan yi wata da watanni da rai a ƙasa mai damshi. Tumaki da awaki su haɗiye shi da ciyawa, ya kwanta cikin tsokarsu. To ga tsiren bakin hanya da aka sauke da gaggawa don mota za ta tashi, waje ya ƙone, ciki jajawur.

Mai juna biyu ita ce abin ji. In ta kamu karon farko tana da ciki, cutar na iya ratsa mabiyiya, a yi ɓari, ko a haifi jariri da ruwa a kai, ko idonsa ya lalace bayan shekaru. Kuma ranar Layya wa ke yankan nama da wanke kayan ciki? Ita. Ta wanke hannu da wuƙa da sabulu, kada ta ɗanɗana naman sai ya dahu sarai. Nonon akuya a tafasa shi, salak da tumatir a wanke da ruwa mai tsabta. Kwaɗayin cin ƙasa da wasu masu ciki ke yi, a faɗa wa ungozoma wajen awo, babu kunya a ciki.

Mai ɗauke da sida wanda garkuwarsa ta yi rauni, cutar takan farfaɗo ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta kawo ciwon kai, ruɗewa da farfaɗiya. Shi ya sa ake ba shi maganin kotrimoksazol, kada ya yar da shi don ya ji sauƙi.

Kashin kyanwa kuwa a kwashe shi kullum tun ƙwan cutar bai nuna ba, kuma mai gida ko wani babba ya yi aikin, mai ciki ta koma gefe.