Titin Koudoukou: A faɗaɗa, amma ina masu tebur za su koma?

Kullum da safe sai na riƙe hannun 'yata gam kafin mu tsallaka Titin Koudoukou. 'Yan acaba, tasi, masu baro da manyan motocin kaya daga Kamaru, kowa na neman hanya lokaci guda. Mai tafiya a ƙasa kuwa ba shi da gefe, teburan 'yan kasuwa sun cinye.

Titin, mai sunan Laftanar Georges Koudoukou da ya rasu a 1942 bayan yaƙin Bir Hakeim, shi ne jijiyar Kilomita Biyar, unguwar da Fafaroma Francis ya ziyarci Babban Masallacinta ranar 30 ga Nuwamba, 2015.

Wallahi muna son a faɗaɗa shi, a gina kwata saboda damina, a ware hanyar ƙafa. Sai dai da yawa cikin masu teburan nan sun rasa shagunansu a rikicin 2013 da 2014, teburin ne abincin gidansu. To, kafin katafila ta iso, hukuma ta zauna da shugabannin kasuwa a nuna wa kowa rumfar da zai koma.