Makomar Motocin Kilisa a Zamanin Lantarki

A shekarar 2024 an sayar da motoci masu amfani da lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, idan aka haɗa da waɗanda ke gwama batir da injin fetur kuma ake jona su a wuta don caji, wato sama da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar, kuma a ƙasar Norway kusan tara cikin goma na sababbin motoci batir zalla ke tafiyar da su. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 cewa daga 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar motar da ke fitar da hayaƙin kabon ba, ko da yake ana ta ja-in-ja kan sassauta ta. Ga motar haya ko ta cefane, wannan sauyi bai wuce canza abin da ake ɗura mata ba, amma ya taɓa asalin wani jinsin mota, wato ƙananan nan masu ƙofa biyu, gajeru kamar za su shafi kwalta, waɗanda aka ƙera don daɗin tuƙi kawai, abin da ya sa sunan motocin kilisa ya dace da su.

Fitattu a cikinsu sun haɗa da Jaguar E-type ta Ingila da ta fito a 1961, da Porsche 911 ta Jamus da aka fara nunawa a Frankfurt a 1963, mai inji a baya da silinda shida a kwance, wanda iska ce ke sanyaya shi har zuwa 1998, da kuma Mazda MX-5 ta Japan ta 1989, wadda nauyinta bai wuce kusan tan ɗaya ba. Darajarsu ta ginu a kan rashin nauyi da amon inji da kuma aikin da suke bar wa direba. Idan mai tuƙa irinsu ya tunkari kwana, yakan taka birki, ya danne kuloci, ya sauko daga giya ta huɗu zuwa ta uku, ya ɗan taɓa totur domin juyin inji ya yi daidai da na taya, kuma kunnensa ne ke shaida masa ko ya dace ko ya kuskure, yayin da sitiyari ke gaya wa tafinsa yadda tayoyin gaba suka kama hanya.

Ta fuskar gudu, lantarki ya riga ya ci gari, domin injinsa yana sakin dukkan ƙarfin juyinsa tun daga tashi, ba ya jiran a sauya giya. Motar Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya tana kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, sai dai nauyinta ya haura tan biyu. Dalilin nauyin kuwa shi ne kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam sau da dama, ta yadda ko an cire ɓarnar da injin fetur ke yi wajen zafi, tankin da yaro zai iya ɗagawa yana yin aikin batirin da sai an sa na'ura kafin a ɗaga shi. Tesla Roadster ta 2008, wadda aka gina a kan tsarin Lotus Elise, batirinta kaɗai ya kai kimanin kilo 450. Nauyi irin wannan ba ya ɓoyuwa a kwana, yana cin taya, yana wahalar da birki, ga shi kuma motar ta yi tsit, babu giyar da direba zai sarrafa.

Kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban don cike wannan giɓi. Porsche ya fitar da Taycan mai batir zalla a 2019, amma da aka zo kan 911 sai ya tsaya a kan ƙara mata ɗan batir mai taimaka wa injin fetur a 2024. Hyundai ya sanya wa Ioniq 5 N lasifikar da ke kwaikwayon rugugin inji, tare da fizgar ƙarya mai kama da ta sauya giya, wanda hakan shaida ce cewa masu ƙera motar sun san abin da direba ya rasa. Hanya ta uku ita ce fetur ɗin haɗi, wanda ake samu ta hanyar raba ruwa da lantarki a fitar da iskar haidurojin, a gauraya ta da iskar kabon, sannan a mayar da ita mai. A Disamba 2022 aka buɗe wata masana'antar gwaji ta irinsa kusa da Punta Arenas a ƙasar Chile, inda iska mai ƙarfi ke samar da wutar, kuma Jamus ta dage har Tarayyar Turai ta yarda a bar wa wannan mai ƙofa bayan 2035. Cikas ɗinsa shi ne tsada, domin yawancin wutar da aka zuba tana salwanta kafin ta isa taya.

Tsofaffin motocin da suka riga suka hau titi kuwa dokar ba ta hana su yawo ba. Wasu masu su na cire injin su dasa batir, kamar yadda Jaguar ya yi da E-type Zero a 2017, motar da Yarima Harry ya tuƙa ranar aurensa a 2018, amma ƙungiyar FIVA, wadda ke kula da motocin tarihi a duniya, ta bayyana a 2019 cewa motar da aka yi wa haka ta fita daga sahun na tarihi. Abin da ya fi yi musu barazana shi ne ranar da gidajen mai za su ragu, kayan gyara su yi wuya, kanikawan da ke saita kafireto da kunne kuma su tsufa ba tare da sun bar magada ba.

Da babbar mota ta karɓe fatauci da doguwar tafiya, doki bai ƙare ba, sai ya koma na hawan salla da sukuwa da kilisa, kuma ya ɗore ne saboda an ci gaba da samun masu ɗinka sirdi da maƙeran linzami da barorin da suka san kiwonsa. Motocin kilisa ma alamu sun nuna nan suka dosa, su zama kaɗan, masu tsada, ana fitowa da su ranar hutu, kuma tsawon kwanansu zai dogara ne ga yawan samarin da za su yarda su zauna a gareji su koyi gyaransu daga hannun waɗanda suka iya.