Baƙin Ƙwarin Ruwa Sun Mamaye Fadamun Kalifoniya

A Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amirka, inda kogin Sakaramento da na San Joaquin suka haɗu suka rarrabu cikin fadamu kafin su faɗa teku, waɗansu baƙi sun ƙwace gida daga hannun masu shi. Baƙin ƙananan halittu ne dangin jatan lande da ƙaguwa, waɗanda galibinsu ba su kai ƙwayar gero ba.

Masana sun ce jiragen ruwa ne suka kawo su. Jirgi in ya sauke kaya yakan ɗebi ruwa a cikinsa don ya daidaita nauyi, sa'an nan ya zubar da shi a tashar da zai yi lodi, har da duk abin da ke ciki. Ta haka aka ga Sinocalanus doerrii a 1978, da Pseudodiaptomus forbesi a 1987, dukkansu daga ƙasar Sin. A 1993 kuma Limnoithona tetraspina ta bayyana, ta yi yawa har ta zarce sauran a inda ruwan kogi ke gauraya da na teku.

Wanda abin ya fi shafa shi ne wani ɗan kifi da ake kira simelt, mai tsawon ɗan yatsa, wanda babu shi ko'ina a duniya sai nan. Ƙwaron da ya saba ci ya ragu ƙwarai. Kifin ya koma cin Pseudodiaptomus, amma Limnoithona ta yi ƙanƙanta, ga ta da wuyar gani, saboda haka yawanta bai ƙosar da shi ba. Jan ruwa da injuna ya ƙara masa wahala.

A 1993 Gwamnatin Tarayyar Amirka ta sa shi cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. A 2007 wata kotu ta ba da umurnin rage ruwan da ake ja daga fadamun, watau ruwan da manoma da mutane fiye da miliyan 25 suka dogara da shi. Duk da haka, daga 2018 zuwa 2022 ma'aikatan da ke ƙidayar kifi kusan kowace kaka tun 1967 ba su kama simelt ko guda ba.

Yarjejeniyar duniya kan tace ruwan cikin jirage ta fara aiki a 2017. Za ta iya tare masu zuwa, amma waɗanda suka riga suka hayayyafa babu mai iya tsince su daga kogi.