Abin Da Ke Tsaga Bangon Gida

Idan bango ya tsage, galibi magini a kan ɗora wa laifi, ko kuwa a ce siminti ne bai isa ba. Amma binciken da aka yi a Faransa ya nuna sau da yawa cutar tana ƙarƙashin harsashi ne.

Tun daga 1989 Gwamnatin Faransa ta sa ɓarnar da fari ke yi wa gidaje cikin jerin bala'o'in da inshora ke biyan diyyarsu. Saboda haka duk mai neman diyya sai an rubuta inda gidansa ya ke da irin tsagar da ya yi. Takardu suka yi ta taruwa, balle bayan matsanancin farin 2003.

Hukumar binciken ƙasa da ma'adinai, watau BRGM, ta zuba waɗannan bayanai cikin kwamfuta, ta aza su bisa taswirar ire-iren ƙasa, tana ƙidaya gidajen da suka tsage a kan kowane iri. Wannan shi a ke kira haƙar bayanai: abin da gida ɗaya ba zai nuna ba, dubbai su nuna shi.

Sai aka ga ɓarnar ta fi yawa bisa yumɓu. Yumɓu ya kan kumbura da damina, ya tsuke da rani. Ƙasar gefen gida ta kan riga ta tsakiya bushewa, harsashi ya nitse ta gefe guda, tsaga ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa. Harsashi marar zurfi, da itace kusa da bango, da bututu mai yoyo, duk suna ƙara tsananta abin.

A 2021 aka ƙiyasta gidaje fiye da miliyan 10 na cikin wannan haɗari. Tun daga 2020 kuwa doka ta wajabta gwajin ƙasa kafin a sayar da fuloti a irin waɗannan wurare. An kuma ba da shawarar harsashi ya kai zurfin mita 1.2 inda haɗarin ya yi tsanani.

Mu ma muna da irin wannan ƙasa, watau firki na wajen Tafkin Chadi. Sai dai kwamfuta ba ta haƙo abin da ba a rubuta ba. Muddin maigida ya liƙe tsaga ya yi shiru, maƙwabcinsa ma a kan cutar zai kafa nasa harsashin.