Jinyar Matasa Masu Ciwon Suga a Cikin 'Yan Asalin Kanada

Har zuwa shekarun 1980, likitoci sun ɗauki ciwon suga nau'i na biyu, wato wanda jiki ke samar da sinadarin insulin amma ya kasa cin moriyarsa yadda ya kamata, a matsayin cutar manya. A wannan lokaci ne Dokta Heather Dean, likitar yara a birnin Winnipeg na lardin Manitoba, ta fara ganin cutar a jikin yaran 'yan asalin ƙasar, ta kuma wallafa abin da ta gano a 1992. Da yawansu 'yan al'ummar Oji-Cree ne, waɗanda ke zaune a ƙauyukan arewa da ba a isa gare su sai ta jirgin sama, ko ta hanyar ƙanƙara a lokacin hunturu, inda ma'aikaciyar jinya ce ke riƙe da ɗakin shan magani, likita kuwa sai jefi-jefi.

Matashin da aka gaya wa yana ɗauke da cutar yakan riga ya san ta tun daga gida, domin ya ga kakar da aka yanke wa ƙafa ko kawun da ya bar gari saboda wankin ƙoda, don haka tsoro ne ke fara kama shi, ba son jin bayani ba. Iyayensa ma da nasu tabon, kasancewar an raba yara kimanin 150,000 da danginsu an kai su makarantun kwana na gwamnati da majami'u, inda aka hana su harshensu, yunwa kuma ta addabe su. Ba a rufe makaranta ta ƙarshe ba sai a shekarun 1990. Iyalin da suka gaji wannan tarihi ba za su ji faɗan ma'aikaciya a kan abincin ɗansu a matsayin shawara ba.

Irihapeti Ramsden, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙabilar Maori a New Zealand, ita ce ta kafa tunanin da ake kira amincin al'ada, wanda ma'anarsa ita ce majinyaci ne, ba mai jinya ba, ke da hurumin cewa an kula da shi cikin mutunci. Idan aka yi aiki da wannan tunani a ƙauyukan Kanada, ma'aikaciyar jinya takan zauna da duk wanda ke girki a gidan, ta nemi tafinta idan dattawa sun fi sakewa da harshensu, ta kuma gina shawararta a kan kifi da naman dajin da aka saba da su, tunda kayan lambun da aka ɗauko a jirgi sun fi ƙarfin aljihun yawancin iyalai. Idan awon suga ya hau, tambayar abin da ya faru ta fi zargi amfani, domin matashin da aka kunyata yakan daina zuwa, alhali cutar ta fi saurin taɓa ƙoda idan ta kama mutum da ƙuruciya, shi ya sa ake fara gwajin fitsari tun lokacin da aka gano ta.